Yadda mai shagon atamfa zai gane abin da ke sa a sayi kayansa

A kasuwa irin Kantin Kwari ta Kano, shaguna goma za su iya jera atamfa iri ɗaya a kan kuɗi ɗaya, amma ka ga ɗaya na ta ciniki, tara na korar ƙuda. Sau da yawa bambancin yana wajen fahimtar mai saye ne. Ga yadda za ka bi.

Da farko, gano wa ke da ta cewa. Wanda ke tsaye a gabanka ba lalle ne shi zai yanke hukunci ba. Saurayin da ya zo haɗa lefe kuɗi ne kawai nasa, zaɓi na yayarsa ne ko gwaggonsa, wani lokacin ma na amaryar da ke gida tana jiran hoto ta WhatsApp. In ka ga ya zaro waya, kada ka tsaya yi masa dogon bayani. Warware turmin, ka fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana zai nuna ainihin kalarsa, ka bari ya ɗauki hoto mai kyau. Haka mai neman anko: ita damuwarta ko kana da turmi talatin ko hamsin iri ɗaya, kuma ko za a samu ƙari in wasu sun makara.

Na biyu, koyi jin abin da ba a faɗa ba. Nan ne yawancin yaran shago ke faɗuwa. Mutanenmu na da kunya, da wuya wani ya ce maka kuɗinsa bai kai ba. Sai dai ya shafa kayan, ya murza gefensa, ya tambayi farashi, sannan ya ce, "Kalar ce ba ta kwanta mini ba." In kalar ce da gaske, da bai kai ga tambayar kuɗi ba. Kada ka tsare shi da ido, kada kuma ka ce "ga mai araha". Ɗauko wata mai sauƙin kuɗi ka ce, "Alhaji, duba wannan, ita ma sabon zuwa ce." Ka rufa masa asiri, shi kuma ba zai manta da shagon ba. Wadda ta tambaya ko atamfar na zuba, inganci ta zo nema, to gaya mata gaskiya ko da cinikin zai wargaje. Wanda kuwa ya taya ya juya kamar zai tafi amma yana jan ƙafa, wannan ya riga ya saya a ransa, ɗan ragi yake jira don ya ji bai faɗi ba.

Na uku, bi kalandar aljihun jama'a. Shadda da yadi na tafiya tun kafin azumi zuwa tsakiyarsa, domin daga nan teloli sun daina karɓar ɗinki. Da Babbar Sallah kuwa kuɗin magidanci na wajen rago. Bayan kaka manoma ke shigowa da kuɗin amfanin gona, bukukuwa su yawaita. Ma'aikaci kuma sai ƙarshen wata.

Na huɗu, sauƙaƙa biya. Tun ƙarancin takardar naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya. Rubuta lambar asusunka a inda kowa zai gani, ka tanadi na'urar POS.

Daga ƙarshe, ajiye littafi a gefen teburinka. Ba na bashi nake nufi ba. Duk abin da aka tambaya ka ce babu, rubuta shi da ranar. In mata uku suka nuna maka hoton zane ɗaya a waya cikin mako guda, shi ake yayi, kuma yayi ba ya jira. Ranar da za ka je sari, buɗe littafin nan kafin ka saurari dillali, domin shi abin da ya kwana a sitonsa zai fara yaba maka.