Yadda ake mayar da littafin labari kan laifi da gafara zuwa wasan kwaikwayo a coci

Idan matasan cocinku a Sabon Gari za su yi wannan aiki, a fara neman izinin marubucin, a kuma sanar da fasto. Fage 5 ko 6 sun isa. Kada wasan ya wuce minti 45, musamman da zafin lokacin Ista.

Babbar matsalar ita ce zancen zuci. A cikin littafi, mai laifi yana ta saƙe-saƙe, amma a dandamali ba mai jin zuciyarsa. A ba shi abin yi da hannu: ya rubuta wasiƙa, ya ninke, ya kasa miƙawa. Wanda aka cuta kuma ya yi jim kafin ya yafe, in ba haka ba 'yan kallo dariya za su yi. A tanadi janareta, a gwada makirufo tun jajibere.