Yadda na gyara wayoyin injekta da zafin inji ya cinye

Tsohuwar mota ce ƙirar 1994 mai silinda shida, kuma injinta yakan fara karkarwa da zarar ya ɗauki zafi. Fulogogi lafiya suke, kowace injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai) kuma ta nuna kusan om 15 (ma'aunin turjiyar lantarki) a mitar gwaji, alamar ita ma lafiya take, saboda haka na kwance ƙunshin wayoyin da ke kan injin. Robar jikinsu ta bushe tana marmashewa, har tagullar wayoyi biyu tana gogar juna. Na cire kan batir, na yanke duk inda ya ƙone, na jona sabuwar waya mai kaurin ta asali da dalma, sannan na rufe mahaɗar da robar da ke tsukewa idan ta ji wuta, domin salatif ba ya jure zafin wurin. Karkarwar ta daina.