Yadda Za Ki Zaɓi Mai Rakiyar Naƙuda

Aikin mai rakiya shi ne ta zauna da ke, ta matsa miki baya, ta ba ki ruwa, ta kwantar miki da hankali. Duba bakin mahaifa, allura da karɓar haihuwa na ma'aikatan asibiti ne.

1. Tun a wata na shida, ki tambaya wurin awo ko ana barin mai rakiya shiga ɗakin haihuwa. Wasu asibitocin mutum ɗaya suke bari, wasu kuma sam.

2. Ki zaɓi mace mai haƙuri da riƙon sirri, wadda ta taɓa raka wasu. Ku daidaita kuɗi tun da wuri.

3. Ku je awo tare ko sau ɗaya, nas ta san fuskarta.

4. Daga mako na 37, wayarta ta kasance a kunne dare da rana, a kuma tanadi abin hawa.

5. Ku yi yarjejeniya: babu jiƙo ko maganin gaggauta naƙuda a ɓoye, domin yana iya tsananta ciwon har mahaifa ta fashe. Da ta ga zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani ko ruwa kore ya fashe, ta kira nas nan take, kada ta tsaya jiran miji.