Yadda ake lissafin kuzarin elektron da aka kulle a akwati

Matsalar farko da ake ɗora wa ɗalibin fiziks a darasin kwantam ita ce ta elektron guda da aka kulle tsakanin bango biyu masu tazarar L, ba shi da mafita. Biro da takarda sun isa a warware ta, kuma ƙa'idojin da za a buƙata a gaba duk suna cikinta. Kayan aikin biyu ne. Akwai ψ, harafin Girka da ke wakiltar igiyar da ke bayyana halin elektron. Akwai kuma ofireta, wato umarnin lissafi da ake zartarwa a kan ψ don a ciro abin da ake son aunawa.

Mataki na ɗaya: bari bangon ya zaɓa maka siffar ψ

A cikin akwatin babu abin da ke ja ko tura elektron, don haka lissafin da Erwin Schrödinger ya fitar a 1926 ya taƙaita zuwa −(ħ²/2m) d²ψ/dx² = Eψ, inda x ke nuna wuri a cikin akwatin, m nauyin elektron ne, E kuzarinsa, ħ kuma lambar Planck (h) ce a raba da 2π. Amsarsa ita ce ψ = A sin(kx) + B cos(kx), inda A da B da k lambobi ne da za a nemo. Dole ψ ya zama sifili a jikin kowane bango. A x = 0, cos yana ba da 1, saboda haka B sifili ne. A x = L kuwa, sai sin(kL) ya zama sifili, abin da ke tilasta kL = nπ, inda n cikakkiyar lamba ce. Haka tsirkiyar goge take: tunda an ɗaure ta sama da ƙasa, wasu siffofi ƙididdigaggu kaɗai take iya ɗauka in tana kaɗawa.

Lambar n tana farawa daga 1. Wanda ya sa n = 0 ya mayar da ψ sifili ko'ina, wato babu elektron ɗin ma ke nan.

Mataki na biyu: daidaita ψ

A shekarar 1926 ɗin dai Max Born ya nuna cewa |ψ|² shi ne ke faɗin yiwuwar samun elektron a wuri. Tunda yana cikin akwatin tabbas, intigiral na |ψ|² daga 0 zuwa L dole ya ba da 1. Matsakaicin sin² rabi ne, sai a sami A²L/2 = 1, wato A = √(2/L). Kada ka tsallake wannan. Kuzarin zai fito daidai ko ba a daidaita ba, shi ya sa ɗalibai ke raina matakin, amma duk wata yiwuwa ko matsakaici da za ka lissafa daga baya za su lalace.

Mataki na uku: zartar da ofiretan kuzari

Ofiretan kuzari a nan shi ne Ĥ = −(ħ²/2m) d²/dx². Ka nemi saurin canjin ψ sau biyu a jere. Karon farko sin ya koma cos, k ya fito. Karo na biyu cos ya koma −sin, wani k ya sake fitowa. Alamun ragewa biyun suka cinye juna, sai ga Ĥψ = (ħ²k²/2m)ψ. Lura da abin da ya faru: ψ ya dawo yadda yake, lamba kawai aka ninka shi da ita. Duk sa'ad da ofireta ya maido maka da ψ haka, lambar ita ce abin da awo zai bayar, ba shakka. Sa k = nπ/L, ka sami E = n²π²ħ²/2mL², ko kuma E = n²h²/8mL².

Nan ne aka fi yin ɓarna. ħ shi ne h a raba da 2π. Wanda ya cusa h a gurbin ħ, amsarsa za ta kumbura da 4π², kusan ninki 39.5.

Gwada da akwati mai faɗin nanomita 1, wato mita 10⁻⁹. h = 6.626 × 10⁻³⁴ J·s, nauyin elektron kilogiram 9.11 × 10⁻³¹. Za ka sami jul 6.02 × 10⁻²⁰. Raba da 1.602 × 10⁻¹⁹, ya zama eV 0.376 (eV shi ne elektron-volt, ƙaramin ma'aunin kuzari). Wannan shi ne hawa na ɗaya, n = 1. Hawa na biyu, n = 2, ninki huɗu ne, eV 1.50. In elektron ya sauko daga na biyu zuwa na ɗaya, zai saki haske mai kuzarin eV 1.13, tsawon igiyarsa wajen nanomita 1100, wanda ido ba ya gani. In amsarka ta kauce da sifilai da yawa, duba L, galibi an manta a ninka shi da kansa ne.

Mataki na huɗu: ofiretan da bai maido da ψ ba

Ofiretan momentom, wato nauyi sau gudu, shi ne p̂ = −iħ d/dx, inda i ke nufin √(−1). Zartar da shi a kan sin(kx), sai cos(kx) ya fito, ba sin ba. Ba kuskure ka yi ba. Ma'anarsa elektron ɗin ba shi da momentom ƙwaya ɗaya tsayayye, matsakaici kaɗai za a iya nema: intigiral na ψ* p̂ ψ daga 0 zuwa L, inda ψ* ke nufin ψ da aka juya alamar i a cikinsa; a nan daidai yake da ψ. Ofireta yana zama a tsakiya, kuma ψ na damansa kaɗai yake taɓawa. Intigiral na sin sau cos a wannan tazara sifili ne, don haka matsakaicin momentom sifili ne, hagu da dama sun yi kunnen doki. Amma matsakaicin p² ba sifili ba ne, ħ²k² ne, saboda haka elektron ɗin ba a kwance yake ba.

Jerin ofireta ma da ƙa'ida. Ninkawa da x kafin a zartar da p̂ daban yake da zartar da p̂ kafin a ninka da x. Bambancin xp̂ − p̂x shi ne iħ, kuma daga nan ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg ta samo tushe.

Mataki na biyar: yiwuwar wuri

A hawa na ɗaya, raba akwatin kashi uku ka nemi yiwuwar samun elektron a kason tsakiya. Intigiral ɗin yana ba da x/L − sin(2πx/L)/2π, daga L/3 zuwa 2L/3. Amsa 1/3 + √3/2π, wato 0.609. Tabbatar kalkuletarka tana kan radiyan. In tana kan digiri za ta ba ka wajen 0.33, lambar da ke kama da gaskiya har mutum ya miƙa ta hankali kwance.

Bangon gaske ba ya tare elektron gaba ɗaya, ψ yana ɗan kutsawa cikinsa, don haka kuzarin gaske yana ƙasa da wanda ka lissafa. Duk da haka lissafin yana nuna alkibla daidai: rage L da rabi, kuzari ya ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙananan ɗigon kwantam, wato mitsi-mitsin ƙwayoyi masu kulle elektron kamar akwatin nan, ke ba da haske mai karkata zuwa shuɗi, manya kuma ja, binciken da ya kai Bawendi da Brus da Ekimov ga kyautar Nobel ta kemistiri a 2023.