In ka gama karatu a Masar za ka dawo gida, ka shirya tun kana can

Da na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano bayan shekara shida a Alkahira, ni a zatona shi ke nan wahala ta ƙare. Wallahi sati biyu bai cika ba na fara jin kaina kamar baƙo a ɗakin da aka haife ni. Kuma ba mai gaya maka haka za ta faru, kowa gani yake ai Masar ba Turai ba ce, mene ne abin sabo a ciki.

Tun saura wata guda ka taso, ka kira Hajiya ko yayarka mace, su ne suka riƙe lissafin dangi, ka ce su faɗa maka waye ya rasu, waye ya yi aure, wa ta haihu, wa aka saka, ka rubuta. Akwai rasuwar da aka ɓoye maka don kar hankalinka ya tashi lokacin jarrabawa. Ni na shiga gidan gwaggona da fara'ata ina tambayar ina Baffa, sai na ga kowa ya sunkuyar da kai, ashe shekararsa ɗaya da rasuwa. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Don haka satin farko na ta'aziyya ne, gida gida, ka durƙusa ka gaisa a tsanake, a bi da ya gajiya ya iyali ya haƙuri har a gama, ba irin sallamar tsaye ta unguwar Hayyul Ashir a Alkahira ba da mutum ke yi yana tafiya.

Ka tambayi farashin kaya ma. In kafin 2023 ka bar gida, an cire tallafin mai a bayanka, naira ta faɗi, kuɗin da ke kanka na adaidaita sahu ya zama labari. Kar ka tsaya musu da direba da farashin da ka bari, kuma ka sauke muryar nan ta ciniki da ka koya a kasuwar Ataba ta Alkahira, a Kantin Kwari rashin kunya za a kira ta.

Takardu kuwa kar ka yarda ka hau jirgi ba ka gama da su ba. Shahadarka da sakamakonka a fassara su zuwa Turanci, a buga musu hatimin ma'aikatar harkokin wajen Masar da na ofishin jakadancin Najeriya, saboda kafin NYSC sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance su, kuma hatimi ɗaya da ka manta daga nan zai iya cin maka watanni. Masu likitanci ga jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, na jiranku.

Jikinka ma ya manta gida. Masar babu maleriya, a 2024 WHO ta tabbatar musu da haka, shekarun da ka yi can sun rage maka juriya. Gidan sauro tun daren farko, kuma da ka ji zazzaɓi ka je gwaji kar ka ce gajiyar hanya ce. Ga barci, ka saba ƙarfe ɗaya na dare ka sauko ka sayi aish da ful, wato gurasa da wake, nan kuwa bayan isha'i da kaɗan unguwa ta yi tsit, an ɗauke wuta, kai kaɗai ido biyu kana fifita.

Sai baki, nan ne yawancinmu muke faɗuwa. "A Masar kuwa..." sau ɗaya za a saurare ka, na biyu a yi murmushi, na uku an sa maka suna a majalisa. Labarin metro da Azhar ka bari sai an tambaye ka, kai ka fi yin tambayar, su ma sun yi shekara shida da ba ka gani ba. Kalmomin Larabcin Masar su "mashi" da "ma'alesh" za su riƙa suɓuce maka, kar ka damu da kansu za su tafi. In kuma an tare ka da fatawa bayan sallah, don za a tare ka ko injiniya ka karanta, Allahu a'alam ta ishe ka, ka tura su wajen limamin da ya shekara talatin a masallacin.

Tsaraba ka sayi ƙanana da yawa, carbi, turare, hula, ɗan man habbatus sauda, ya fi jallabiya uku masu tsada da za su haɗa ka faɗa da sauran. Ka ɓoye kaɗan a ƙasan akwati, sai bayan wata guda wata inna za ta zo daga ƙauye.

Ranar da kewar can ta taso maka, har da hayaniyar da kake zagi, ka nemi waɗanda suka riga ka dawowa ku haɗu ku sha shayi ku yi Larabcinku ku more. Ni koshari na taɓa dafawa a gida, ƙannena suka leƙa tukunya suka ce shinkafa da taliya da wake wuri ɗaya, Yaya lafiya kuwa? Ni kaɗai na cinye abina.