Kurakuran da ake yi wajen ƙirƙiro sabon ɗa a darar ces

Duk wanda ya daɗe yana buga darar ces, wata rana sai ya ji sha'awar ƙara wani ɗa mai tafiya irin tasa ta daban. Manya ma sun yi. Capablanca, zakaran duniya ɗan ƙasar Kuba, ya kawo 'ya'ya biyu a shekarun 1920, ɗaya ya haɗa tafiyar doki da ta hasumiya, ɗayan ta doki da ta bishof. Sai dai yawancin sababbin 'ya'ya ba sa wuce wasa biyu ko uku, kuma dalilan kusan iri ɗaya ne.

Na farko shi ne zarin ƙarfi. Mutum zai haɗa sarauniya da doki ya ce ya yi abin kirki. Wannan ɗan akwai shi tuntuni, Amazon ake ce masa, kuma shi kaɗai yana iya kashe sarki ba tare da taimakon kowa ba. Da ya fito fili, sauran 'ya'ya sun zama 'yan kallo. Gyaran shi ne ka ba ɗanka rauni guda da abokin wasa zai iya gani ya yi amfani da shi. Dubi igwa a darar Sin: tana tafiya miƙe kamar hasumiya, amma ba ta ci sai ta tsallake wani ɗa guda. Ka janye abin da za ta tsallaka, ka kashe mata kaifi. A ganina wannan ne ɗa mafi daɗin tsari da aka taɓa yi.

Akwai kuma masu ƙiyasta daraja da lissafin tarawa: doki maki 3, bishof maki 3, to haɗinsu maki 6. Ba haka ba ne. Bishof a kan gidaje masu launi ɗaya yake ɗaure, tsallen doki kuwa yana kwance shi, shi ya sa haɗin yake kusantar sarauniya.

Maganar launi tana da muhimmanci, domin nan ne ake faɗawa rami ba a sani ba. Raƙumin darar Tamerlane, wani tsohon nau'in ces, yana tsallen gida uku gaba, ɗaya gefe, saboda haka har abada ba ya barin launin da ya fara a kai. Giwar tsohuwar darar shatranj ta fi shi takura: tana tsallen gida biyu a karkace, gidaje 8 kacal take iya takawa cikin 64. Kafin ka yi murna da tsallen ɗanka, tara lambobin biyu, wato yawan gidajen da yake yi gaba da na gefe. Idan jimlar ta rabu biyu daidai, ɗanka a ɗaure yake. Sannan ka ɗora shi a allo babu kowa, ka riƙa sa tsakuwa a duk gidan da ya taka, ka ga iyakarsa da idonka.

Wani kuskuren shi ne mantawa da jerin farko. A 1925 T. R. Dawson, wani masanin ces ɗan Birtaniya, ya ƙirƙiro dokin da ke maimaita tsallensa a layi ɗaya. Ka ajiye shi a gidan b1, mazaunin farin doki, zai bi ta gidajen c3 da d5 ya dira a kan sojan e7 da ke gaban baƙin sarki tun kafin kowa ya motsa. Don haka ka bi layin kowane sabon ɗa daga mazauninsa, ka tabbatar duk sojan da yake hange yana da mai kare shi.

Ƙa'idar tafiyar kuma ta zama gajera. Idan sai ka yi "amma idan" sau uku kafin abokinka ya gane, rage ta. Ka fayyace ko yana tsallake wasu, ko yadda yake tafiya haka yake ci, ko sojan da ya kai ƙarshen allo zai iya rikiɗa ya zama shi. Daga nan ku buga da mutane daban-daban, kuna musayar fari da baƙi, ko ka shigar da ƙa'idar cikin manhajar Fairy-Stockfish ta buga da kanta ka ga ɓangaren da ke yawan cinyewa.