Yadda ake karrama masu yi wa gari hidima a ranar bikin gari

A Argungu, ranar kamun kifi, ba a doguwar gardama kan wanda ya yi nasara. Masunci ya fito daga kogin Matan Fada da giwan ruwa, a ɗora a sikeli, nauyi ya yanke hukunci. Tun 1934 ake wannan biki, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016. Hidimar da mutum ya yi wa garinsu kuwa ba ta hawa sikeli. Shi ya sa ƙungiyar ci gaban gari da ta yi niyyar karrama mutanenta ranar biki, a ƙasar Gwandu take ko Yauri ko Zuru, sai ta yi taka-tsantsan, in ba haka ba a tashi taro da ɓacin ran da za a shekara ana jinyarsa.

Abu na farko, tun kafin a ambaci sunan kowa, a raba karramawa da neman kuɗi. Nan ne yawancin garuruwa ke zamewa. Ƙungiya na son gyara rijiyar burtsatse ko rufin aji biyu, sai a buga lambar yabo a miƙa wa Alhajin da ake sa ran zai zuba kuɗi, da ɗan majalisa, da shugaban ƙaramar hukuma. Jama'a ba yara ba ne, suna gani. Idan ana buƙatar gudummawa, a ware mata lokacinta, a kira ta da sunanta, a gode wa mai bayarwa da babbar murya. Amma kujerar karramawa ta wanda ya yi wa gari wahala ce. Mai kuɗi ma zai iya hawanta idan aikinsa ya kai, sai dai ba don abin da ake hange a aljihunsa ba.

Daga nan a kafa kwamiti, kuma a fara da wuri, wata biyu ko uku kafin biki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum 7 sun isa, 9 in gari na da faɗi. A sa wakilin masu unguwanni, da malami, da matashi, da mata aƙalla biyu waɗanda suka san cikin gidaje. A garin da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar yadda ake samu a yankin Zuru, a tabbata kowane ɓangare na da murya. Doka ɗaya ce ba a sassauta ta: ɗan kwamiti ba ya karɓar lamba a shekarar da yake ciki, kuma idan sunan ɗan gidansu ya taso, ya ba su wuri har a gama magana. Kafin kwamiti ya yi zaman farko, a je fada a shaida wa uban ƙasa ko hakimi, a nemi albarkarsa. A kuma tuna cewa naɗin sarauta hurumin masarauta ne. Ƙungiya ba ta ɗaura wa kowa rawani, ba ta laƙaba wa kowa "Garkuwan gari" a jikin takarda.

Tattara sunaye shi ne ainihin aikin, kuma ba a yin sa daga ofis. Idan aka ce kowa ya rubuto ta WhatsApp, sunayen masu manyan wayoyi da abokansu kawai za a samu. A yi sanarwa a masallatan Juma'a da coci, mai shela ya zaga ranar kasuwa, sannan 'yan kwamiti su bi unguwa-unguwa da littafi. Matan kwamiti su shiga makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen suna, don a can ake jin wadda ke tashi tsakar dare idan naƙuda ta kama maƙwabciya. Kada a tambayi mutane "wa ya cancanta?", domin amsar ba za ta wuce manyan gari ba. A ce musu: "Wa ya yi wani abu da kuka amfana, bai karɓi ko sisi ba?" Sai ka ji sunayen da ba a taɓa kira a lasifika ba. Dattijon da ke fara isa maƙabarta da diga da shebur duk ranar da aka yi rasuwa. Mai kwale-kwalen da ya yi ta kwashe mutane da awaki lokacin ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Matar da ta sha zagi a ƙofar gidaje tana ɗiga wa yara rigakafin shan inna, shekaru kafin a ayyana a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Malamin firamare da ya yi ritaya amma bai daina zuwa aji ba. Ardon da ke shiga tsakani kafin ɓarnar gona ta zama faɗa. Kuma wanda ba haifaffen garin ba ne, in ya yi aikin, a rubuta shi. Mai kemis da ya zo daga kudu ya shekara 20 yana ba da magani bashi ɗan gari ne a wannan lissafi.

Sai tacewa. Kowane suna a nemi shaidu biyu da ba danginsa ba. A duba daɗewar aikin, da yawan waɗanda suka amfana, da ko albashinsa ke nan. Ma'aikacin asibiti da ke zuwa aiki a kan lokaci haƙƙinsa ya sauke. Wanda ke buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare ba tare da tsaki ba, shi ne ya yi ƙari. A ra'ayina kada a wuce mutum 5 ko 6 a shekara. Da zarar an kai 30, an koma rabon takarda. Za a matsa wa kwamiti lamba cewa kowace unguwa sai ta samu nata. A saurara, amma a ajiye sauran sunayen don baɗi, a kuma faɗa wa mutane cewa an ajiye. Wanda ya rasu ana iya karrama shi ta hannun iyalinsa, sai dai kada a mayar da abin al'ada, rayayye ya fi buƙatar jin godiyar da kunnensa.

Bayan an tsayar da sunaye, a taka har gida. Ba a aika wa dattijo saƙon waya a kan irin wannan. Mutum biyu ko uku su je bayan La'asar, a gaisa, a sha ruwa, sannan babba a cikinsu ya ce: "Baba, gari ne ya aiko mu. An ga abin da kake yi a maƙabarta shekara da shekaru, ana so a gode maka a gaban jama'a ranar biki." Sau da yawa amsar ita ce: "Haba 'ya'yana, ni don Allah nake yi, kada ku rage mini lada." Wannan ba yanga ba ce, tsoron riya ne, kuma ya cancanci girmamawa. Malamin kwamiti zai iya tuna masa hadisin da ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, godiyar nauyi ce a kan gari. Idan ya dage, a bar shi, a kai masa kyautarsa gida a asirce. Matar aure kuwa a bi ta hannun maigidanta, a tambaye ta ko za ta fito fili da kanta ko za ta wakilta ɗanta. Akwai kuma waɗanda fito da su fili cutarwa ce. A garin da ke fama da 'yan bindiga, ba a kiran sunan mai sintiri ko mai kai rahoto a lasifika, komai ƙoƙarinsa.

Kyauta ta dace da mai karɓa. Allon gilashi mai rubutun Turanci ba zai amfani ungozomar da ba ta karanta boko da komai ba. A rubuta takardar shaida da Hausa, in da hali har da ajami, uban ƙasa ya sa hannu da hatimi, a saka ta a firam. Sannan a haɗa da abin da za a mora: turmin atamfa da buhun shinkafa, shadda da hula, taki ga manomi, rigunan kariya daga nutsewa ga mai kwale-kwale, keke ga malamin da ke takawa zuwa ƙauye. Idan kuɗi ne, a sa a ambulan, kada a faɗi adadi, don kada ɓarayi su kai masa ziyara da dare ko dangi su yi masa layi da safe. In ka ga kuɗin rumfa da kalanda da hulunan 'yan kwamiti sun ninka na kyaututtuka, a sake zama a kan kasafin.

Rana kuwa, bayan kaka ko kwana biyu bayan Sallah, lokacin da 'yan gari mazauna Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja suke gida. A kauce wa ranar kasuwa da lokacin da aikin shinkafar rani ya kankama. A sanar da 'yan sanda, a fara da hantsi, a watse da sauran rana.

A filin biki, waɗanda za a karrama su zauna a sahun gaba, cikin inuwa, kusa da uban ƙasa, kuma a tura musu abin hawa. Abin kunya ne a ga tsohuwa tsaye a rana tana jiran a gama jawabin baƙo na shida. A sa karramawa da wuri, bayan addu'a da jawabin maraba, kafin kokawa ko dambe su ɗauke hankalin matasa. Jawabin manyan baƙi ya biyo baya, wanda ya makara ya tarar.

Abin da za a karanta a kan kowa ya zama gajere, minti biyu, kuma ya faɗi aiki. "Jajirtacciya, mai kishin al'umma" ana faɗa wa kowa. Ga irin wanda ke sa fili ya yi tsit: "Inna ta shekara fiye da 30 tana karɓar haihuwa a garin nan. Ba ta taɓa yanka kuɗi ba. Idan ta ga abin ya fi ƙarfinta, ita ke fita neman mota zuwa asibiti, ta kuma bi mai naƙuda har can. Duk wanda ya faɗo a hannunta, ya miƙe tsaye." In rabin fili ya miƙe, ba sauran bayani. Uban ƙasa ya miƙa takarda, amma kyautar a bar wa wanda ya amfana ya miƙa: tsohon ɗalibi ga malaminsa, uwa ga ungozomarta. Maroƙa da makaɗa a sallame su tun kafin a fara, a kuma ba su sunayen, don kirari ya tafi ga masu ranar maimakon masu liƙi. A shekarar zaɓe a hana tutar jam'iyya da fosta shiga fili, kowace ce.

Cikin mako biyu bayan biki, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban taron ƙungiya, a liƙa kwafi a ƙofar fada. Sakatare ya buɗe littafi mai kauri, ya rubuta shekara, da sunan kowa, da aikin da aka gode masa a kai, ya manna hoto. Sunayen da aka ajiye su shiga shafi na gaba, a damƙa wa sabon kwamiti, kuma aƙalla rabin 'yan kwamitin bana su sauka a sa wasu.